Masu Shigar Dabbobi: Daga Pittsburgh Zuwa Kado

(Kiɗan buɗe shiri)

 Shirinmu na musamman na yau yana zuwa muku ne daga unguwar Kado a nan Abuja, amma tafiyar za ta fara da nisa. Ku gyara zama.

Duk shekara a farkon watan Yuli, tsakiyar birnin Pittsburgh da ke jihar Pennsylvania ta Amurka kan cika da diloli da karnuka da zakuna da zomaye masu tafiya da ƙafa biyu. Wani shuɗi, wani kore, wani kuma jelarsa har tana jan ƙasa. Kada hankalinku ya tashi, mutane ne a ciki: ɗalibai, injiniyoyin kwamfuta, masu zane, ma'aikatan asibiti, har da tsofaffin sojoji. Suna kiran kansu 'yan furi, taron nasu kuma sunansa Anthrocon. A shekarar 2024 mutum fiye da 17,000 ne suka halarta.

Abin da ya haɗa su shi ne son dabbobin labari, irin waɗanda ke magana, su sa tufafi, su yi fushi, su yi wayo kamar ɗan'adam. Da yawansu tun suna yara suka kamu, daga finafinan katun na kamfanin Disney irin su Robin Hood na 1973, wanda dila ne jaruminsa, da The Lion King na 1994. Taronsu na farko, ConFurence, an yi shi ne a watan Janairun 1989 a Costa Mesa ta jihar Kalifoniya, mahalartansa ba su kai ɗari ba. Shi kuwa Anthrocon a birnin Albany ya fara a 1997, bai koma Pittsburgh ba sai 2006. A Turai ma suna da nasu, Eurofurence, wanda ya soma a 1995, yanzu kuma ake yin sa a birnin Hamburg na Jamus.

To, idan ka yanki tikiti ka shiga, me za ka tarar?

Abu na farko, za ka ga yawancin mutanen wurin ba su sa komai ba sai rigarsu da wandonsu. Wani ya maƙala kunnuwa a ka, wani ya ɗaura jela a ƙugu, shi ke nan. Masu cikakkiyar shiga tsiraru ne, don kayan na cin dubban daloli, kuma sai ka jira wata da watanni kafin maɗinki ya gama maka. Amma kusan kowa na rataye da kati a wuya, ɗauke da zanen dabbar da ya zaɓa wa kansa da sunan da ya raɗa mata. Da wannan sunan za a kira ka har a tashi. Sai ka yi kwana uku kuna hira da mutum ba ka san sunansa na yanka ba.

Bari mu leƙa cikin rigar, don a nan aikin yake. Kan dabbar da soso ake sassaƙa shi, a lulluɓe da gashin roba, a yi idanu da raga mai ƙananan huji. Ta wannan ragar mutum ke gani, kuma gabansa kawai yake gani. Yaron da ya tsaya kusa da gwiwarsa ba ya ganinsa. Shi ya sa da yawa ke tafiya da ɗan jagora mai riƙe musu gorar ruwa, yana nuna musu matakala. Wasu na sa ɗan fanka mai batir a cikin hancin dabbar, wasu na sa falmaran mai ƙanƙara a ciki. Duk da haka zufa ba ta ƙyale kowa. Akwai ɗaki guda da aka cika da manyan fankoki, can ne akan cire kai a sha iska, kuma an hana ɗaukar hoto a ciki. Galibinsu ba sa magana idan suna cikin shiga, sai nuni da hannu da karkata kai. Suna ma da wata ƙa'ida da suke yawan tuna wa juna: kowace rana barcin awa shida, abinci sau biyu, wanka sau ɗaya. Wanda ya taɓa zama kusa da mai wannan riga bayan rawa ya san dalilin na ƙarshen.

Sauran taron kuwa kasuwa ce da makaranta. Masu zane sun jera tebura suna karɓar aiki, ana koyar da ɗinki da zane, ana gasar rawa, ana gwanjon kaya a tara kuɗi don gidajen kula da dabbobi. Ranar Asabar a fito jerin gwano a titi, mutanen gari su kawo 'ya'yansu kallo. Masu otal da masu gidajen abinci ba sa wasa da wannan mako, don miliyoyin daloli ke shiga birnin.

Ba za mu ɓoye muku ba, harkar na da ɓangaren da bai dace da tarbiyyarmu ba. Akwai zane-zanen batsa da wasu daga cikinsu ke yi, waɗanda su kansu masu shirya taron ke killacewa, ba a barin mai ƙasa da shekara 18 ya kusance su. A can Amurka ma ba kowa ke musu kallon arziki ba. A watan Disambar 2014, a taron Midwest FurFest kusa da Chicago, an watsa sinadarin kulorin a matakalar otal cikin dare, aka kwashi mutum 19 zuwa asibiti. Sai dai akwai labari mai daɗi: a watan Maris na 2016, a yankin Vancouver na Kanada, taronsu ya faɗo a otal ɗin da aka sauke iyalan Siriya 'yan gudun hijira. An yi fargabar yadda haɗuwar za ta kasance. Yaran da suka tsere wa yaƙi suka ruga suka rungume dabbobin, aka yi ta rawa tare.

(Gajeren kiɗa)

Na san yanzu wani na zaune a shagonsa yana girgiza kai yana cewa, "Turawa dai ba su da aikin yi." Malam, dakata tukuna. Wa ya ba mu labarin Gizo da Ƙoƙi? Wa ya naɗa dila malamin daji, ya mayar da kura sarkin kwaɗayi da tsoro? Ba kakanninmu ba ne, a tsakar gida bayan sallar isha? Alhaji Abubakar Imam da ya tashi rubuta Magana Jari Ce, littafin da ya fito a 1937, aku ya ɗora wa nauyin ba da labaran, kuma bai bar shi ba sai da ya zama waziri. Dabba mai magana da hankali irin na mutum, mu ba baƙuwarmu ba ce.

Shigar ma mun iya ta. Daga goma ga watan azumi yara kan fita tashe, wani ya samo buzu ya yafa, ya yi jela da igiya, ya shafe fuska da gawayi, su bi gida-gida ana dariya ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. A Kano ga Nalako, sarkin gwagware, da shigarsa ta fatu da tarkace, yana zagayawa da igiya yana farautar wanda ya ƙi aure. Har Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, abin ya kai: a can yara na yin wasan Dodo a watan azumi, sanye da fuskokin dabbobi da suka haɗa da hannunsu, kuma masana tarihin wasan sun ce fataken Hausawa ne suka kai shi tun a ƙarni na 19. Yau ya zama bikin da ake gasa a kansa.

Mu kuma a gida? A shekarun baya-bayan nan rundunar 'yan sandan Kano ta sha dakatar da tashe, saboda 'yan daba na fakewa da shi su yi ƙwacen waya. Ba za ka ga laifin 'yan sanda ba, amma abin takaici ne.

Yanzu mu dawo Kado. Ku zaga rukunin gidajen Kado ko bakin tafkin Jabi ranar Asabar da yamma, da wuya ku rasa bikin zagayowar haihuwar wani yaro, ko walimar ƙarshen zango ta wata makaranta. A tsakiyar balan-balan za ku ga Mickey Mouse yana tsalle. Ku bi shi da ido idan ya zame bayan gida. Zai tsuguna gefen janareto, ya ɗaga kan da hannu biyu ya ajiye a kan kujerar roba, sai ga saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, fuska jiƙe sharkaf, ya fasa ledar ruwa da haƙori, ya sha rabi ya juye rabi a ka. Rigar ta haya ce, wani ya sa ta jiya, ba fanka, ba ɗan jagora, ga zafin watan Maris na Abuja. Kafin ya huce an fara kiransa, za a yanka kek.

Shi wannan saurayi neman abinci ya fito, ba sha'awa ce ta kawo shi ba, kuma ya cancanci a tausaya masa a ba shi hutu da ruwa mai sanyi. Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne fuskar da yake ɗauke da ita. Ɓeran Amurka ne. Yaran da ke rungumarsa, sunayensu Amina da Sadiƙ da Hauwa, da yawansu ba su taɓa jin yadda Gizo ya yi wa kura wayo ba. Laifinmu ne mu manya, mu muka bar namu a ƙasa.

Ni a ganina abin da 'yan furi suka fi mu shi ne sun ɗauki wasa da muhimmanci har ya zama sana'a: mai zane na ci, maɗinki na ci, mai otal na ci. Ba sai mun kwaso tarkacensu ba. Muna da telolin da ke ɗinka babbar riga mai aska takwas, muna da dukawa da majema, muna da masu sassaƙa soson kujera, kuma soso da yadi ba su yi wuya a kasuwar Wuse ba.

Don haka kira gare ku shugabannin makarantun Kado da Gwarimpa da Jabi: walimar zangon da ke tafe, ku nemi tela ya ɗinka muku Gizo da Ƙoƙi, a yi wa yara tatsuniya a kan dandali. Ku kuma masu shirya finafinan Kannywood, dila da kura na nan ba mai haƙƙin mallakarsu, ba wanda zai kai ku kotu. Telan da ya gwada kuma, don Allah ya bar wa na cikin rigar ƙofar shan iska.

A nan za mu dakata. 

(Kiɗan rufe shiri)