Me Ya Sa Ƙ, Ɗ Da Ɓ Ke Rikiɗewa Idan Rubutu Ya Bar Waya Ya Shiga Kwamfuta?

Ka tsara jerin sunaye a wayarka, kowane harafi yana inda ya kamata, ka tura wa mai shagon kwamfuta domin ya buga maka. Yana buɗe fayil ɗin a Excel sai ga "Ɗanladi" ya koma "ÆŠanladi", "ƙasa" ta koma "Æ™asa". A wata manhajar kuma alamar tambaya za ka gani a gurbin harafin, ko wani ɗan akwati da babu komai a cikinsa. Da yawa sukan ɗauka bairos ne ya kama kwamfutar. Wasu kuma sai su haƙura, su cire ƙugiyar baki ɗaya su rubuta k, d da b.

Cire ƙugiya ba magani ba ne, domin ma'ana na tafiya tare da ita. "Ƙafa" daban, "kafa" daban. Haka "baƙi" da "baki", ko "ƙara" da "kara". Idan kuma sunan mutum ne ya lalace a rasit, ko a takardar sakamakon jarrabawa, ko a rajistar asibiti, wata rana za a neme shi a manhajar a rasa, alhali yana ciki. Wannan bayani zai amfani mai aiki da kwamfuta, zai kuma fi amfanar matasan da suka fara koyon rubuta manhajojin Windows na shaguna da makarantu.

Yadda kwamfuta ke ganin harafi

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Kowane harafi yana da lambarsa a cikin wani jadawali da aka yi ittifaƙi a kai. Jadawalin ASCII, wanda ya fito a Amurka a 1963, gurabe 128 kacal yake da su, na haruffan Ingilishi da alƙaluma da alamomin rubutu. Daga baya Windows ta yi amfani da jadawalai masu gurabe 256, kowane yanki da nasa. Wanda aka fi samu a kwamfutocin da aka saita da Ingilishi ko Faransanci shi ne Windows-1252, na harsunan Yammacin Turai. Babu ko ɗaya daga haruffanmu masu ƙugiya a cikinsa.

A 1991 aka fitar da Unicode, jadawali guda da ke bai wa kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta dindindin. A nan ƙ ta samu lamba U+0199, ɗ ta samu U+0257, ɓ ta samu U+0253, sai ƴ da ake rubutawa a Nijar ta samu U+01B4. Amma ba da lamba abu ɗaya ne, yadda za a ajiye lambar a fayil kuma wani abu ne. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce UTF-8, wadda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992. A wannan hanya harafin Ingilishi bayit ɗaya yake ci, harafi mai ƙugiya kuma bayit biyu.

Wayarka ba ta fiye ba ka wahala ba saboda Android da iPhone da WhatsApp duk a kan Unicode aka gina su tun farko. Ita kuwa Windows tana ɗauke da nauyin tsofaffin manhajoji, don haka har yau hanyoyi biyu take riƙe da su, tsohuwa da sabuwa. Matsalar takan tashi ne a daidai inda rubutu ya tsallaka daga wannan hanya zuwa waccan.

Alamu huɗu, kowace da ciwonta

Kafin ka fara gyara, dubi irin lalacewar da kyau. Ita ce za ta nuna maka inda matsalar take.

Ta farko, haruffa biyu baƙi a gurbin ɗaya. A UTF-8, ana ajiye ƙ da bayit biyu, C6 da 99. Idan manhaja ta karanta su da jadawalin Windows-1252, sai ta ga C6 a matsayin Æ, ta ga 99 a matsayin ™. Shi ya sa "ƙasa" ke komawa "Æ™asa", "ɗalibi" ya koma "É—alibi". Abin farin ciki a nan shi ne bayanan ba su lalace ba, karatun ne aka yi ba daidai ba. Muddin ba ka adana fayil ɗin a haka ba, sake buɗe shi ta hanyar da ta dace zai dawo da komai.

Ta biyu, alamar tambaya, kamar "?asa". Wannan ita ce mafi muni. Tana nufin an tilasta wa rubutun shiga tsohon jadawali, harafin bai samu gurbi ba, aka jefar da shi aka sa alamar tambaya. Da zarar an adana, babu dabarar da za ta gane ko ƙ ce a wurin ko ɗ. Sai dai a koma asalin fayil ɗin ko a sake rubutawa.

Ta uku, ɗan akwati fanko. A nan lambar daidai take, manhajar ma ta fahimce ta, amma zubin haruffan da aka zaɓa, wato font, ba shi da zanen wannan harafi. Canza shi kawai za ka yi. Ebrima, wanda Microsoft ta sa a Windows 7 domin harsunan Afirka, yana da haruffanmu. Haka Noto Sans na Google, da Charis SIL da Andika, waɗanda ake saukewa kyauta. Wani lokaci akwatin ba ya fitowa, sai dai ka ga harafin ya fi 'yan'uwansa kauri ko tsawo. Windows ce ta aro shi daga wani zubin domin cike giɓi, maganin kuma ɗaya ne.

Ta huɗu, alamar tambaya a cikin baƙin lu'ulu'u, wato �. Tana fitowa idan manhaja na tsammanin UTF-8 amma ta tarar da bayit ɗin da bai dace da ƙa'idarsa ba. Sau da yawa hakan na faruwa ne idan an yanke rubutu a tsakiyar harafi, aka bar rabin ƙ.

Idan kai mai amfani ne kawai

Mafi yawan koke-koke daga fayil ɗin CSV suke zuwa, irin wanda ake saukewa daga Google Sheets ko Google Forms. Idan ka danna shi sau biyu, Excel kan ɗauka da tsohon jadawali aka rubuta shi. Maimakon haka, buɗe Excel tukuna, shiga Data, zaɓi From Text/CSV, sannan a wurin File Origin ka zaɓi mai lamba 65001, wato UTF-8. Idan za ka adana, zaɓi CSV UTF-8 a jerin nau'o'in fayil, ko ka bar shi a xlsx, wanda ba ya da wannan matsala.

Notepad ma ya daɗe yana cinye wa mutane haruffa, domin a da tsohon jadawali yake adanawa da shi idan ba ka canza ba. Daga sabuntawar Windows 10 ta watan Mayun 2019 ya koma UTF-8. Idan kwamfutar shagon tsohuwa ce, duba wurin Encoding a ƙasan tagar adanawa, ka tabbata ba ANSI aka zaɓa ba.

Game da rubuta haruffan kuwa, Windows tana da kibod ɗin Hausa. Ana ƙara shi daga Settings, sashen Time & language, sannan a riƙa sauyawa da maɓallin Windows haɗe da na tazara. Akwai kuma manhajar Keyman. A Word kana iya rubuta 0199 ka danna Alt da X tare, nan take ya koma ƙ.

Idan kai ne mai rubuta manhajar

Ƙa'idar bincike ɗaya ce: bi rubutun mataki-mataki, daga akwatin da ake shigar da shi har zuwa takardar da firinta ya fitar, ka ga a wane mataki ya fara lalacewa. Kada ka dogara da abin da ido ya gani a fuskar kwamfuta. Sa manhajar ta nuna maka lambar harafin. Idan ka shigar da ƙ ta ba ka 409, lafiya lau. Idan ta ba ka 63, lambar alamar tambaya ke nan, ɓarnar ta riga ta auku kafin wannan matakin.

Mataki na farko shi ne fuskar manhajar. Akwatunan rubutu na Visual Basic 6 ba sa riƙe Unicode, haka ma tagar rubuta kod ta VBA da ke cikin Excel da Access. Idan dole ne ka sa harafin a kod ɗin VBA, ChrW(409) zai ba ka ƙ, ChrW(599) ya ba ka ɗ, ChrW(595) ya ba ka ɓ. Amma sabon aiki gara a fara shi da kayan da suka san Unicode, irin su WinForms, WPF, Qt ko JavaFX.

Na biyu shi ne magana da Windows kanta. Yawancin umarninta masu karɓar rubutu tagwaye ne: MessageBoxA da MessageBoxW, CreateFileA da CreateFileW. Mai A tsohon jadawali yake bi, mai W kuma UTF-16, wanda shi ne Windows ke aiki da shi a cikinta. Kullum ka kira mai W. A C#, idan kana kiran wani DLL ta hanyar DllImport, ka rubuta CharSet.Unicode ƙarara, domin idan ka yi shiru tsohuwar hanya zai bi. Wannan ne ke sa manhaja ta kasa buɗe fayil mai suna "ƙididdiga.txt" alhali yana nan a wurinsa.

Na uku, karantawa da rubuta fayil. A Python, umarnin open a kan Windows ya saba bin jadawalin kwamfutar, shi ya sa kake ganin UnicodeEncodeError da zarar ƙ ta shigo. Ka riƙa sa encoding="utf-8" kowane lokaci. Idan CSV ne da za a buɗe a Excel, sa "utf-8-sig", wanda ke ƙara bayit uku, EF BB BF, a farkon fayil domin Excel ya gane. Java ma sai a fitowa ta 18, a 2022, ta mayar da UTF-8 zaɓinta na asali, don haka kod ɗin da ya yi aiki a kwamfutarka na iya rikicewa a mai ɗauke da tsohuwar Java.

Na huɗu, rumbun bayanai. A SQL Server, ka ajiye sunaye a NVARCHAR maimakon VARCHAR, kuma ka sa N kafin rubutun da ka sa kai tsaye a cikin umarni, kamar N'Ɗanladi'. A MySQL ka zaɓi utf8mb4. Kafin fitowa ta 8.0, latin1 ne zaɓinta na asali, kuma tsofaffin rumbuna da yawa a haka suke har yanzu. Ka duba igiyar haɗi tsakanin manhaja da rumbun ita ma, domin tana da nata saitin.

Na biyar, fita waje. Ƙananan firintocin rasit na kantuna da nasu tsofaffin jadawalai suke aiki, don haka sau da yawa mafita ita ce a mayar da rasit ɗin hoto sannan a tura musu. Idan kuma manhajarka na tura saƙon tes, ka sani harafi mai ƙugiya ɗaya tak yana rage adadin haruffan saƙo daga 160 zuwa 70, kuɗin ma sai ya ƙaru.

Ƙananan abubuwan da ake mantawa

Alamar hamza da ke cikin Sa'adatu, Rabi'u da 'ya'ya tana da siffofi uku a Unicode: miƙaƙƙiya ta kibod, lanƙwasasshiya da Word ke sauyawa da kansa, da kuma U+02BC. Ido na ganin su kusan iri ɗaya, amma wurin bincike kwamfuta na ɗaukar su daban. Ka mayar da su siffa ɗaya kafin adanawa. Miƙaƙƙiyar kuma tana karya umarnin SQL idan kana liƙa rubutu da hannu, kuma ta wannan ƙofa ce masu kutse ke shiga. Ka riƙa tura bayanai ta hanyar faramita.

Jera sunaye ma na da nasa tarko. Idan aka bi girman lamba, Ɗanladi zai faɗo bayan Zainab, alhali a Hausa ɗ na bin d, ƙ na bin k. Ɗakin karatun kod na ICU yana da ƙa'idar jerin Hausa a ƙarƙashin alamar "ha". Haka nan, strlen na harshen C bayit yake ƙirgawa, shi ya sa zai ce "ƙasa" biyar ce maimakon huɗu.

A ƙarshe, akwai wani saiti a Windows, ƙarƙashin Region, da ke mayar da dukkan kwamfutar kan UTF-8. Har yanzu da tambarin Beta yake, kuma yana iya rikita wasu tsofaffin manhajoji, don haka kada ka gina aikinka a kansa.

Kafin ka miƙa wa kowa manhaja, gwada ta da jimla ɗaya mai ɗauke da dukkan haruffan, manya da ƙanana, kamar: "Ɗanladi da Sa'adatu sun ɓoye ƙwai a ɗaki, Ƙasimu ya ce Ɓaidu ne." Shigar da ita, adana, rufe manhajar, sake buɗewa, nemo ta da bincike, fitar da ita zuwa Excel, sannan ka buga a takarda. Ka maimaita hakan a wata kwamfutar da ba taka ba. Idan ta wuce duk waɗannan matakai ba tare da harafi ɗaya ya canza ba, manhajarka ta iya Hausa.