Birkin Gaba: Ki Duba Babur Ɗin Da Ke Kai Yaranki Makaranta

Uwargida, gobe da safe idan maigida ya fito da babur zai kai yara makaranta, kafin ki miƙa musu kwandon abinci, ki kai hannu ki matse ƙarfen nan da ke ɓangaren dama na kan babur ɗin. Shi ne birkin gaba. Idan kin matse ya tafi salalam har ya taɓa robar da ake riƙewa, ko kuma kin tarar yana lilo babu waya a jikinsa, to rabin birki ma bai cika ba a abin da yaranki ke hawa kullum.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba bakanikiya ba. Abin da ya sa ni shiga wannan magana wata yarinya ce 'yar shekara shida da aka kawo mana wata safiya, da kayan makaranta a jikinta, ƙashin kafaɗarta ya karye, kwalta ta ɗaye mata gefen fuska. Mahaifinta ne ya goyo ta, ita da yayanta. Wani mai adaidaita ya tsaya a gabansu ba zato, uban ya taka birkin ƙafa iya ƙarfinsa, tayar baya ta ja, babur ya juya gefe ya zubar da su. Ina wanke mata ciwo na tambaye shi ko bai kama na hannu ba. Ya ce, "Sista, ai wannan na daɗe da kwance shi. Kayar da mutum yake yi."

Da na tashi daga aiki na koma gida, kafin in cire hijabi sai da na matse na babur ɗin maigidana. Shi ma ya tafi har ƙarshe.

Me ya sa na gaba ya fi muhimmanci?

Ki tuna yadda jikinki ke tafiya gaba idan mota ta ci birki. Haka nauyin babur da na duk wanda ke kansa ke komawa kan tayar gaba. Ita ce a lokacin ke danne ƙasa da ƙarfi, ta baya kuma ta yi sakayau. Shi ya sa masu koyar da tuƙin babur ke cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga birkin gaba yake fitowa. Wanda ya dogara da na ƙafa kaɗai ya jingina ne da tayar da ba ta da nauyin riƙe hanya, da ya taka da ƙarfi sai ta kulle ta fara ja.

Ga kuma lissafin gudu. Babur da ke tafiyar kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Idan aka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin ya tsayar da shi ninkuwa take yi sau huɗu. Ki ɗora uba da yara uku da jakunkunansu a kai, aikin birkin ya ƙaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29.

Tsoron da mazanmu ke yi ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Idan aka cafki birkin gaba lokaci guda, musamman a kan yashi, ko a kwana, ko kwalta na jiƙe, tayar gaba na iya zamewa. Maganin wannan shi ne koyon yadda ake matsa shi: a fara a hankali, a ƙara ƙarfi, tare da na ƙafa. Cire shi kuwa gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Wane iri ne a gidanki?

Iri biyu ne. Na farko shi ne wanda ke ɓoye a cikin cibiyar taya, kanikawa na ce masa dirom. Waya ce ke tasowa daga hannu ta ja wasu ƙarafa biyu masu lanƙwasa da ake kira shu, su buɗe su goga a jikin kwanon. Irinsa ne a yawancin baburan aikinmu, kamar Boxer ɗin 'yan acaɓa. Yana da arha, kowane bakanike ya san shi, amma idan ya yi zafi ko ruwa ya shige shi ƙarfinsa na raguwa.

Na biyu shi ne mai faifai, wato disk. Za ki ga farantin ƙarfe mai huji-huji a gefen taya, da ɗan akwatin mai a kusa da hannun dama. Man birki ne ke tura wasu fale-fale biyu da ake kira fad, su matse farantin. Ya fi kamawa, ya fi jure zafi, kuma ba ya buƙatar ƙarfin hannu sosai.

Mataki na farko: a dawo da shi yadda yake

Yawancin babura ba sauyi suke buƙata ba, gyara suke jira. Idan dirom ne, a kwance taya a duba shu. Idan ya cinye, ko giris ya taɓa shi, a sa sabo. A goge cikin kwanon, a duba wayar: idan ta fara tsinkewa zare-zare ko tana cijewa, a sauya ta, kada a ɗaure. Sannan a ɗaure noti yadda hannun zai yi ɗan wasa na santimita ɗaya zuwa biyu kafin ya kama. Idan noti ya kai ƙarshen zarensa birki bai kama ba, shu ɗin ne ya ƙare.

Idan disk ne, a duba kaurin fad. Da ya kusa milimita 2, lokacin sauyawa ya yi. Ƙarar ƙarfe na gogar ƙarfe na nufin an riga an makara, farantin ake ci. Man birki kuma yana zuƙar danshi daga iska, shi ya sa ake so a sauya shi duk shekara biyu ko da bai ragu ba. Irin wanda ya dace a rubuce yake a kan murfin akwatin, DOT 3 ko DOT 4. Kada a yarda a zuba baƙin mai ko man giya a ciki, yana kumbura robobin ciki, birki ya mutu. Idan hannun ya yi laushi kamar soso, iska ce ta shiga, sai an fitar da ita.

Mataki na biyu: kaya masu kyau

A nan ne kuɗi kaɗan ke yin babban aiki. A kasuwar kayan babur za a nuna wa maigida shu iri-iri, daga na kamfani zuwa jabu. A birki ba a neman araha, domin araha ba ta ado. Mai disk zai iya sa fad mai inganci, ya kuma sauya tiyon roba da ya tsufa da wanda aka naɗe da zaren ƙarfe, wanda ba ya kumbura idan an matsa. Sannan taya. Birki taya yake tsayarwa, taya ce ke tsayar da babur. Idan ta gaba ta suɗe ta zama kamar tafin hannu, kowane irin birki aka sa aikin banza ne.

Mataki na uku: daga dirom zuwa disk

Ana yi, amma ba ɗaura faranti ba ne kawai. Sai an sauya cibiyar taya ko tayar gaba ɗaya, da ƙafar shokazoba mai wurin ɗaure abin da ke matse farantin, da famfon hannu, da tiyo. Hanyar da ta fi aminci ita ce a samo dukan kayan gaban daga wani samfurin kamfanin da ya zo da disk kuma ya dace da babur ɗin. Abin da za ki hana da bakinki shi ne a kai wa mai walda ya liƙa ƙarfe a jikin shokazoba. Duk ƙarfin tsayawa a wannan wurin yake taruwa, ranar da ya ɓalle kuwa ranar da aka fi buƙatarsa ce.

Idan kuɗin sauyin ya yi yawa, gara a gyara dirom ɗin da kyau, a bari sai an tashi sayen wani babur a nemi mai disk. Lokacin kuma a tambayi CBS, wanda ke kama gaba da baya tare, ko ABS, wanda ke hana taya kullewa. A Indiya, inda ake ƙera Bajaj da TVS, a watan Afrilu na 2019 doka ta wajabta ABS a kan sababbin babura da suka haura cc 125, ƙananan kuma aƙalla CBS. Dokar ta kasuwarsu ce, don haka kada a ɗauka duk wanda aka kawo mana yana da shi. A tambaya, a gani da ido.

Bayan an gyara

Sabon shu ko fad ba ya kamawa sosai a kwanakin farko sai ya zauna. Hannun da ya saba da mataccen birki kuma zai iya cafkar sabo da ƙarfin da ya wuce kima. Maigida ya nemi fili shi kaɗai, babu yara, ya yi ta gwadawa a ƙaramin gudu har hannunsa ya saba. A duba ko fitilar baya na kamawa idan an matsa na hannu.

Sai abubuwa uku da aikina ya koya mini. Man birki guba ne, yana lalata ƙoda. Kada a zuba ragowarsa a gorar ruwa ko ta lemo a ajiye inda yaro zai kai hannu, idan kuma ya sha, a garzaya asibiti ko da bai nuna alamar komai ba. Na biyu, ƙurar cikin dirom ba a hura ta da baki, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, domin wasu shu masu arha na ɗauke da asbesto mai illa ga huhu. Na uku, yaron da ake ɗorawa a kan tanki shi ne farkon wanda ke tafiya gaba idan an ci birki, kuma yana tare hannun matuƙi. Hular kwano kuwa, birki mai kyau bai ɗauke wa kowa ita ba.

Yadda za ki tayar da maganar

Na san wasu mazan ba sa son mace ta sa baki a harkar abin hawansu. Ni ban ce wa nawa bai iya tuƙi ba. Labarin yarinyar na ba shi bayan ya ci abinci, na ce, "Abban yara, don Allah zo ka ga wani abu." Na matse birkin a gabansa, na tura babur ɗin, ya tafi kamar ban riƙe komai ba. Bai ce uffan ba. Ranar Asabar ya kai gareji, aka sauya shu da waya, kuɗin bai kai abin da iyayen yarinyar suka kashe a hoton ƙashi da magani ba.

Wannan gwajin ke ma za ki iya, ko a babur ɗin gida ko na ɗan acaɓan da kuka ɗauka yana kai yara: ki matse birkin dama, a tura babur gaba. Idan tayar ta juya, yara su jira a gyara. Makarar kwana ɗaya ba ta kai makonnin da yarinyar nan ta yi hannu a rataye ba.