Chappal Waddi da Bagazam: Wanne Ya Fi Cancantar Wahalar Hawa?

In tsawo ake nema, babu gardama. Chappal Waddi, wanda ake kira Gangirwal, a jihar Taraba kan iyakar Kamaru, ya kai mita 2,419, kuma babu dutsen da ya kamo shi a Najeriya. Ƙololuwar duwatsun Bagazam a ƙasar Azbin, wato Idukal-n-Tages, mita 2,022 ce, ita ce kan gaba a Nijar.

Chappal Waddi yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991. Tafiyar kwanaki ce, sai da ɗan jagora da masu dako. Ana tsallake rafuka, a ratsa kurmi mai duhu inda birai ke kuka, kafin a ɓulla fili mai ciyawa da hazo da sanyi mai shiga ƙashi. Da damina, santsi kaɗai ya isa ya mayar da mutum gida. Tarihin yankin kuwa na sauyin masu mulki ne: Jamusawa suka riƙe shi, har kufan sansaninsu na nan a Gashaka, Ingila ta karɓa bayan yaƙin duniya na ɗaya, sannan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta haɗa shi da Najeriya cikin Lardin Sardauna.

Bagazam daban yake. Daga ƙasa, arewa maso gabas da Agadas, sai ka rantse babu mai rai a kansa: baƙin dutse ne tsaye kamar ganuwa. Hanyar hawa siririya ce cikin kwazazzabo, tsakuwa na zamewa ƙarƙashin takalmi, rana na dukan ƙeya. Can sai ka ji an ce ka raɓe. Jaki ne ke gangarowa da buhunan albasa da tafarnuwa, yaro na biye da shi da sanda. A saman nan akwai ƙauyukan Buzaye da idanun ruwa da lambuna. Bahaushe ma ba baƙo ba ne a nan: tarihin Gobirawa ya ce a Azbin suka zauna kafin su gangaro kudu, kuma dawakin Bagazam sun yi suna a fadojin sarakunanmu.

Chappal Waddi ya fi cin ƙarfi, dajinsa kuma dukiya ce da ta wajaba a tsare. Amma ni Bagazam na fi so, domin hanyarsa mutanen da ke neman abinci ne suka tattake ta tun kaka da kakanni, har yau kuma ta nan albasarsu ke sauka zuwa kasuwar Agadas.