Yadda Ake Ta Da Tsohon Babur Da Saita Kafireto

Jama'a, a gidaje da yawa na ƙauyukanmu akwai tsohon babur da aka jingine a zaure ko bayan rumbu. Tayoyinsa sun sace. Kaji ne ke kwana a kansa. Mai shi ya haƙura, yana jiran masu sayen tsohon ƙarfe. To, kafin a ɗora shi a kan sikeli a tsaya tukuna. Da tsohuwar zuma ake magani.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mai da kuɗin mota suka hau. Sabon babur kuwa ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Wanda ya ta da tsohonsa ya sami abin kai hatsi kasuwa, da abin kai mara lafiya asibiti cikin dare.

Za mu yi misali da ƙaramar Honda mai roba a gaban ƙafa, irin wadda ake ce wa roba-roba. Sunanta na asali Super Cub. A ƙasar Japan aka fara ƙera ta a shekarar 1958, kuma a 2017 yawan waɗanda aka ƙera ya kai miliyan 100. Akwai mai lamba 50, da 70, da 90. Ba ta shan mai da yawa. Injinta ba shi da wuyar sha'ani, shi ya sa kusan kowane bakanike ya san cikinsa.

In saye za ka yi, fara da takardu. Duba lambar da ke jikin inji da ta jikin ƙarfen babur, ka ga sun yi daidai da abin da aka rubuta. Ka ga amfanin karatu ke nan. Babur mara takardu, ko da araha ne, bar wa mai shi abinsa. Wataƙila na sata ne.

Gwajin farko

Taka kiki a hankali. In ka ji yana turjewa kaɗan kafin ya sauka, injin yana da sauran ƙarfi. In ya sauka salalau, ringi ko bawul sun ci, sai an buɗe inji. In kuma ya ƙi motsi sam, fistin ne ya cije. Kada ka hau kai da ƙarfi. Kwance fulogi, ka ɗiga baƙin mai kaɗan a ramin, ka bar shi kwana biyu ko uku, sannan ka sake gwadawa.

Daga nan sai wuta. Maƙala fulogi a wayarsa, ka jingina shi da ƙarfen inji, ka taka kiki. Ya kamata ka ga tartsatsi mai shuɗi-shuɗi. Riƙe ta wajen roba, kuma ka nisanta da fetur.

Juye tsohon baƙin mai ka zuba sabo. Abin da wannan inji ke ɗauka bai kai lita ɗaya ba. A lura, ba a gauraya masa baƙin mai da fetur a tanki. Wancan aikin na wasu babura ne masu fitar da hayaƙi, masu wani irin inji daban.

Tanki ma yana son kulawa. Tankin da ya daɗe a ajiye yakan yi tsatsa a ciki. Cire shi, ka zuba kananzir da 'yan notoci, ka girgiza sosai, ka ɗauraye, ka shanya a rana. In ka tsallake wannan, tsatsar za ta gangara ta toshe kafireto, aikinka ya koma baya.

Mene ne kafireto?

Kafireto shi ne wurin da fetur da iska ke haɗuwa kafin su shiga inji. Inji ba ya ƙona fetur zalla. Sai an gauraya shi da iska, wajen kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur, in aka auna da nauyi. Kamar damun fura ne. Ruwa ya yi yawa, ta tsinke. Ruwa ya yi kaɗan, ta yi kauri.

A ƙasan kafireto akwai ɗan kofi da fetur ke taruwa a ciki. Cikin kofin akwai wata 'yar gora mai yawo a kan mai. In kofi ya cika, gorar ta taso ta tura wata allura, allurar ta rufe hanyar mai. In ka ga fetur yana zuba ta ƙasan kafireto, to gorar ce ta huje, ko datti ya hana allurar rufewa.

Daga kofin, mai yana hawa ta wasu ƙananan ƙarafa biyu masu huji, makanikai na ce musu jet. Ƙaramin yana ba da mai lokacin da inji ke silo, wato yana aiki babur na tsaye. Babban yana ba da mai in an murɗa totur. Hujin ƙaramin bai wuce bakin allurar ɗinki ba. Fetur in ya yi watanni a ciki yakan bushe ya zama kamar ƙaro, ya toshe shi. Shi ne dalilin da ya sa babur ɗin da ya daɗe a ajiye yakan tashi da cok, amma da an mai da cok sai ya mutu.

Wanke shi ba wuya. Rufe famfon mai. Shimfiɗa farin ƙyalle, ka riƙa jera duk abin da ka kwance bi da bi, don ka san yadda za ka mayar. Jiƙa su a fetur mai tsabta, ka hura hujin da famfon keke. Ɗaga jet sama wajen haske. In ka hango rana ta ciki, ya buɗe. Kada ka zura waya ko allura. Ƙarfen mai laushi ne, hujin zai faɗaɗa, babur ya riƙa shan mai har ƙarshen ransa. Na sha ganin yaran makanikai suna yin haka don sauri, mai babur kuwa shi ke biya a gidan mai.

A yi wannan aiki a fili, da rana. Ban da fitila, ban da taba, ban da kusa da murhu. Kada kuma a ta da inji a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa yana kisa.

Saiti

Saitin kafireto shi ne na ƙarshe. Kafin shi a tabbata fulogi mai kyau ne, tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7. A sa bakanike ya saita bawul inji na sanyi, tazararsu milimita 0.05 ce. A duba matatar iska, domin ƙurar hunturu tana toshe ta. In ta soso ce, a wanke, a shanya, a shafa baƙin mai kaɗan. In ta takarda ce, ba a wanke ta, kaɗewa ake yi ko a sake wata.

A gefen kafireto akwai sukurori biyu. Ɗaya na silo ne, ɗaya na iska. Ɗaura na iska a hankali har ya tsaya. Kada ka matse, bakinsa zai lalace. Sannan ka kwance shi zagaye ɗaya da rabi. Ta da babur, ka ɗan zaga da shi kamar minti goma ya yi zafi. Inji mai sanyi ba ya faɗin gaskiya.

Yanzu aikin kunne ne. Juya sukurun iska kwatan zagaye, ka saurara. Ka sake juyawa, ka saurara. Ka gwada ciki, ka gwada waje. Inda ka ji ƙarar inji ta fi ƙarfi kuma ta daidaita, tsaya nan. Sai ka koma kan na silo, ka rage shi har inji ya riƙa bugawa a natse ba tare da ya mutu ba. Murɗa totur ka saki. In ya amsa nan take, ya kuma sauko da kansa, saiti ya yi.

Bayan tafiyar kwana ɗaya ko biyu, kwance fulogi ka duba bakinsa. In ya yi baƙi da busasshen kunkunniya, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, iska ta yi yawa. In ya yi kalar ƙasa-ƙasa, daidai ne. In kuma baƙin yana da maiƙo, ba laifin kafireto ba ne, baƙin mai ne ke haurowa.

Wasu sukan ce wa bakanike ya shaƙe mai sosai don tattali. Wannan kuskure ne. Mai in ya yi kaɗan, inji yakan yi zafi fiye da kima, bawul ya ƙone. Kuɗin da aka tara a gidan mai sai ya tafi wajen sayen kayan inji.

Kwalliya

Kowa na son babur ɗinsa ya yi kyau. Amma birki da taya da fitila su ne gaba da fenti. Tayar da ta tsattsage a gefe, a sake ta ko da haƙoranta ba su ci ba. In za a sayi ƙwan fitila a duba, tsofaffin na da suna aiki da wuta mai ƙarfin 6 ne, na baya-baya kuwa 12.

In an zo fenti, a kankare tsatsa da samfefa har ƙarfe ya fito, a shafa fentin ƙasa, sannan na sama. A ɗinka wa sirdi sabuwar riga. Mai son rubutu a bayan babur ya rubuta abinsa. Ana iya sa mai walda ya ƙarfafa kariya, amma a tuna ƙaramin babur ne, ba amalanke ba. Buhu biyu da mutum biyu sun fi ƙarfinsa.

Abu biyu ne ba mu yarda da su ba. Samari kan cire madubi, su kuma fasa cikin salansa don ta riƙa ƙara. Madubi shi ke nuna maka motar da ke bayanka. Fasa salansa kuwa yana ɓata saitin da ka sha wahala a kai, ga damun maƙwabta. Kuɗin wannan aiki gara a tara shi a sayi hular kwano, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sawa tun ranar 1 ga Janairu, 2009.