Tongariro: Yini Guda a Kan Duwatsu Masu Aman Wuta

A tsibirin arewa na ƙasar Niyu Zilan akwai wata hanyar ƙafa mai tsawon kimanin kilomita 20 da ta ratsa duwatsun Tongariro. Ana kama ta daga Mangatepopo a sauka a Ketetahi, ba a komawa inda aka faro, shi ya sa motocin haya ke kai matafiya da sassafe, su kwashe su da yamma. Tafiyar kan ci awa bakwai zuwa takwas.

An kakkafa sanduna a hanyar don kada mutum ya ɓace, amma idan hazo ya sauko, da ƙyar ake hango sanda ta gaba. Wahalar tana wajen Jan Rami, ƙololuwar tafiyar, mai tsayin mita 1,886. Daga can gangara ce mai tsakuwa da toka, ƙafa na nutsewa, warin farar wuta na dukan hanci, ga korayen tafkuna shar a ƙasa. Al'ummar Mawori, 'yan asalin ƙasar, na ɗaukar ruwan nan da tsarki, ba a taɓa shi.

Dutsen ma a raye yake: ramin Te Maari ya yi aman wuta a 2012. Babu ruwan sha a hanya, sai wanda matafiyi ya ɗauko.