Gidan Sahel a Bakin Teku

Duk wanda ya tashi a Damagaram ko Maraɗi ya san sirrin ɗaki mai sanyi: bangon ƙasa mai kauri, 'yar ƙaramar taga, da rufin soro. A can iska busasshiya ce, dare kuma yakan yi sanyi, sai bango ya shanye zafin rana ya huce kafin asuba. To, amma 'yan'uwanmu da fatauci ya zaunar a New Bell ta Duwala, ko a Zangon Kwatano, sau da yawa sukan tafi da wannan fasali a zuciya, su zuba shi da bulo da siminti. Daga nan wahala take farawa.

Ruwan saman Duwala yakan haura milimita 3,500 a shekara, alhali na Damagaram bai cika kaiwa 500 ba. Laima ta cika iska, zufa ba ta bushewa a jiki, dare bai fi rana sauƙi ƙwarai ba. Rufaffen ɗaki a irin wannan ƙasa ba ya hucewa. Fumfuna ta kama katifa da tufafin cikin akwati, yara da masu ciwon asma su kwana suna tari.

Abin da gida yake bukata a nan shi ne iska ta ratsa shi. Kowane ɗaki ya sami taga biyu masu fuskantar juna, da raga saboda sauro, a kuma bar ƙofa ga iskar teku da ke tasowa daga kudu maso yamma. Bangon gabas da na yamma su ne rana take duka, don haka a taƙaita tagoginsu, a dasa itace mai inuwa. Rufi ya yi gangare, bakinsa ya zarce bango sosai, a sa silin ƙarƙashin kwano tare da kafar da zafi zai fita. Daɓe kuwa a ɗaga shi sama da ƙasa. Mutanen Ganvié a Binin ma kan turaku suke gini cikin tafki.

Maigida zai ce: ina suturar iyali? Tambaya ce mai nauyi. Sai dai doguwar katanga da aka toshe ruf tana tare iska kamar yadda take tare ido. Bulo mai huji a saman katanga, da taga mai gilashi yanka-yanka da aka ɗaga sama da tsayin mutum, suna kare matan gida daga idon mai wucewa ba tare da sun kwana cikin gumi ba. A yi wannan magana da magini tun kafin a haƙa harsashi, domin fasa bango daga baya kuɗi biyu ne.