Gyaran Injin Tsohuwar Motar Gudu: Ina Kuɗin Ke Tafiya?

Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san Peugeot 504. Ita ce ta yi shekaru tana jigilar matafiya tsakanin Yamai da Tawa, tsakanin Maraɗi da Damagaram, ita ce kuma ta kai ma'aikata rangadi cikin karkara. An fito da ita a Faransa cikin shekara ta 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta ƙasashen Turai a 1969, daga baya aka riƙa haɗa ta a Kaduna, inda masana'antar Peugeot ta soma aiki a 1975. An ƙera fiye da miliyon 3 daga cikinta.

Amma tana da ƙanwa wadda mutane ƙalilan ne suka taɓa gani da idonsu, wato 504 Coupé, mota ce gajera mai ƙofa biyu da aka yi domin gudu da ƙawa. An nuna ta karon farko a Janeba a 1969. Gidan Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta ya kuma ƙera shi, har babu fallen ƙarfe ɗaya na jikin nan da ya yi daidai da na 504 da aka saba gani a tasha. Waɗanda aka yi ba su kai dubu 30 ba, ban da kamar dubu 8 masu rufin yadi da ake naɗewa. A Afirka ta yi suna: Timo Mäkinen ya ci tseren Bandama na Kwaddibuwa da ita a 1976, Jean-Pierre Nicolas kuma ya ci tseren Safari na Kenya da na Bandama duka a 1978. An daina ƙera ta a 1983. Ke nan mafi ƙuruciya daga cikinsu ta haura shekara 40, kuma duk wanda ya gaji irin wannan mota, ko ya saye ta don sha'awa, wata rana zai tsaya gaban makaniki ya tambaya: nawa ne a sabunta injin, a sake ambirayaj, wanda a Nijeriya ake ce ma kuloci?

Makaniki mai amana ba ya yanke farashi a ranar nan. Ba don yana ɓoye wani abu ba ne, sai don kuɗin aikin yana cikin injin, ba a kuwa ganinsa sai an buɗe an auna. Abin da ake iya sani tun daga waje shi ne irin injin da ke cikin motar, wannan ma kaɗai ya raba masu ita gida biyu.

Gida na farko su ne masu inji mai silinda 4. Na farkonsu lita 1,8 ne, daga 1970 aka mayar da shi lita 2. Wannan inji ɗan uwan na 504 ɗin tasha ne, gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce, kansa na alminiyum. Da yawa daga kayan cikinsa ana samun su a kasuwannin kayan mota na Maraɗi da Kano, kuma akwai tsofaffin makanikai da suka kwance irinsa sun ɗaure sau ba adadi. Wahalarsa guda ce: ba karbirater ke ba shi esansi ba, wani pampo ne na ƙirar Jamus mai suna Kugelfischer, wanda ke fesa mai ga kowace silinda bisa awo. Masu iya daidaita pampon nan sun yi ƙaranci ko a Turai, kuɗin gyaransa kuma wani lissafi ne na dabam.

Gida na biyu su ne masu V6, wato silinda 6 da aka jera uku-uku kamar harafin V. Peugeot da Renault da Volvo ne suka haɗa kai suka ƙera shi a masana'antar Douvrin ta arewacin Faransa, shi ya sa ake kiransa PRV. An sa shi cikin Coupé a 1974, faɗin cikinsa santimita-kubik 2664, ƙarfinsa doki 136, aka ƙara zuwa 144 a 1977 sa'ad da aka canza masa karbirater da mafeshin mai na Bosch. Shi ne injin da ya ci Safari. Sai dai kowa ya ci zomo ya ci gudu. Kai biyu gare shi maimakon ɗaya, supap 12, sandar kam biyu, sarƙa uku a gaba, biyu na kam ɗaya ta pampon mai. Duk abin da mai silinda 4 zai saya guda, mai V6 yakan sayi biyu, abin da wancan zai sayi huɗu shi ya sayi shida, kuma kusan babu ko ɗaya da za a ɗauko daga shagon bakin tasha.

To, an ciro inji an aza bisa tebur. Aikin farko wanki ne da awo, kuma nan ne ake bambanta gyara da shafe-shafe. Duka injunan biyu suna da abin da masu garaj ke kira shemiz, wato bututun ƙarfe da piston ke kai da kawowa a cikinsa, wanda ake iya zarewa a sa sabo, ruwan sanyaya inji yana kewaye da shi kai tsaye. Wannan alheri ne ga mai mota, domin ba sai an rarake gangar injin ba, ana sayen shemiz da piston da zobbansa a ƙunshi ɗaya. Amma alherin na da sharaɗi. Tilas kowane shemiz ya ɗan ɗago bisa fuskar gangar da wani awo da ake lissafawa da kashi ɗari na milimita, ana daidaita shi da siraran faifai da ake shimfiɗawa a gindinsa. In ɗaya ya nutse fiye da ƴan uwansa, juwan kulas ba zai danne shi da kyau ba, bayan ƴan watanni ruwa ya gauraya da mai, a sake kwance abin da aka ɗaure. Ido ba ya ganin wannan awo, yatsa ba ya jinsa. Ma'auni mai allura ake ɗorawa, kuma garaj ɗin da ba shi da wannan ma'auni bai kamata a ba shi injin nan ba, komai daɗin bakin mai shi.

Sai bilbirke, wato ƙatuwar sanda mai gwiwoyi da piston ke juyawa. In wuyoyinta sun yi zane ko sun daina zama kewayayyu, a kai ta wurin masu injin sassaƙar ƙarfe su rage kamar kwata ko sulusin milimita, sa'an nan a nemi kusine masu kaurin da ya dace da sabon awon. Doka ce da ƙwararru suka sani: a tabbata an sami kusinen kafin a taɓa sandar, don an sha rage ƙarfe sa'an nan a tarar awon da aka rage zuwa gare shi babu shi a kasuwa. Kan injin ma haka: a gwada shi ko ya tsage, a duba ko zafi ya tanƙware shi, a gyara mazaunin supap. Injunan PRV na shekarun farko sun yi suna da cinyewar sandar kam in an yi sakaci da canjin mai, kuma in ta cinye, tare take tafiya da ƙarafan da ke danna supap. Mai mota da ya shirya kuɗin zobba da juwan kulas kaɗai, a nan yake jin labarin da bai so ji ba.

Akwai ɓarnar da ta fi yawa a ƙasashenmu. Gangar V6 ta alminiyum ce gaba ɗaya, alminiyum kuwa ba ya shiri da ruwan rijiya, balle mai kanwa-kanwa. Motar da aka yi shekaru ana zuba ma radiyater ɗinta ruwan tulu, ba tare da maganin da ke hana tsatsa ba, akan buɗe ta a tarar mazaunin shemiz ya zaizaye kamar gindin katanga bayan damina. Irin wannan ganga, ko a yi mata walda ta musamman a sake sassaƙa, ko a nemi wata. Ƙurar hunturu kuma tana yin nata aikin ta ɗaya ɓangaren: in matacin iska ya huje, yashi ya shiga ya goge zobba da shemiz kamar dutsen washi.

Zancen ambirayaj ya fi sauƙin fahimta, amma nan mutane suka fi yin kuskuren lissafi. Kayansa manya uku ne: faifan da ke kama ƙarfin inji, farantin da ke matse shi, da bute, wato ƙaramin ƙarfe mai juyawa da ke sakin farantin in an taka ƙafa. Ukun nan ba su cikin kaya masu tsada ƙwarai. Tsadar tana ga hanyar isa gare su, domin suna tsakanin inji da akwatin bites, a 504 kuma akwatin yana haɗe da ƙafafun baya ta wani dogon bututu mai tauri. Ko a ciro injin, ko a ja duk wannan jeri baya. Saboda haka wanda injinsa ke ƙasa ya ce faifan nan bai gama cinyewa ba a mayar da shi, ya adana kaɗan ne yau don ya biya ladan ciro inji karo na biyu gobe. A lokaci guda ake duba fuskar bolan, babban faifan da ke bayan inji, in ta ƙone ta yi tsage-tsage a goge ta. A toshe duk inda mai ke ɗiga daga bayan inji, don ɗigo kaɗan ya isa ya sa sabon faifai santsi. Kuma da yake ambirayaj na 504 da mai yake aiki kamar birki, ƙananan pampunansa biyu, na wajen ƙafa da na wajen akwati, robobinsu ba su kai shekara 40 da lafiya.

In an zo ga kuɗi tsaba, lissafin Turai da na nan kishiyoyin juna ne. A Faransa kaya na kusa, akwai ƙungiyoyin masu tsofaffin Peugeot da ƴan kasuwar da ke sake ƙera abin da ya ɓace, amma ladan hannu ne ke cinye rabo mafi girma, don da awa ake biya. A ɗauki misali domin lissafi ya fito fili: garaj da ke karɓar Yuro 70 a awa, aikin kuma ya ci awa 50. Tun 1999 Yuro ɗaya tamma 655,957 ne na Sefa, ke nan awa ɗaya ta tashi kusan jikka 46, ta zarce albashi mafi ƙanƙanta na wata guda da aka tsaida a Nijar a 2024, wato jikka 42. Awa 50 kuwa sun kama kusan miliyon 2 da jikka 300, ba a sayi ko ƙusa ba tukuna.

A nan gida ladan makaniki bai kai ko kusa da haka ba. Kayan ne ke da nisa. Bisa farashin da aka saya a Turai sai a ɗora kuɗin jirgi, wanda da nauyi ake biyansa, ga shemiz da piston kuwa ƙarfe ne zalla, sai kuɗin duwan, sai harajin TVA na kashi 19 cikin 100. Tsofaffin masu garaj ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, sa'ad da aka karya darajar Sefa da rabi, kayan Faransa suka ninka cikin dare ɗaya, motoci da yawa suka hau duwatsu ba su sake sauka ba. Ban da kuɗi akwai lokaci. In an aiko da zobban da ba su yi daidai ba, makonni ne kafin wasu su iso, injin kuwa yana buɗe, ƙura na shiga, ƙananan ƙusoshi na ɓacewa cikin gwangwani, yaran garaj na aron wannan da wancan don wata mota. Mutum ya soma da rabin kuɗin yana fatan sauran su zo, shi ne ya fi kowa hasara, don motar da ta shiga garaj da ƙafafunta, ko da tana hayaƙi, ta fi daraja bisa wadda ke cikin kwali uku. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai gajeruwar hanya da mutane ke bi, wato a sayi injin hannu a ɗora. Ga mai silinda 4 abin na da sauƙi, injin 504 mai karbirater yana shiga, motar ta tashi ta yi tafiyarta shekaru. Sai dai ta rage ƙarfi, kuma masu sayen tsofaffin motoci ba su biyan kuɗin Coupé ga wadda aka raba da injinta na asali. Ga mai V6, irin injin nan ya zauna cikin Peugeot 604 da Renault 30 da Volvo 264, amma su ma tsofaffi ne sa'anninsa, ba wanda ya san ruwan da aka shayar da su. Sau da yawa inji biyu ake kwancewa don a fitar da ɗaya mai lafiya, kuma wannan ba laifi ba ne in an sa shi cikin lissafi tun farko.

Ranar da aka tada injin ma ba a rufe littafin kuɗi ba. Sabon shemiz da sabbin zobba suna bukatar rodaj: kilomita 1000 na farko a tafi a hankali, ba a takura inji, ba a kuma bar shi yana aiki a tsaye na dogon lokaci. Bayan haka a zubar da man farko tare da matacinsa, domin ƙananan ɓurɓushin ƙarfe na cikinsa, a sake ɗaure ƙusoshin kai in juwan da aka sa yana bukatar haka, a daidaita supap. Radiyater da ya tsufa tare da injin a wanke shi ko a sake masa ciki, a canza robobin ruwa duka, don tafasa ɗaya bisa hanyar Konni cikin watan Afrilu ta isa ta tanƙware kan da aka biya kuɗi aka miƙe.